Sawun Allura a Labulen Ɗakin Gwaji

Saura kaɗan ƙarfe goma na safiyar Litinin ta cika, labulen ɗakin gwaji ya faɗo, kuma faɗuwarsa ba irin ta labule ba ce. Ƙyalle in ya faɗi ba a jin sa. Wannan kuwa sai da ya ce ƙwas a kan tayil.

Gwaggo tana ƙuryar shagon inda take zama kullum, tana yi wa wani siket kalmasa. Ta ɗago kai tun kafin ihu ya tashi. Matar Honarabul ce ta shiga gwada riga, ta fizgi labulen za ta rufe, sandar ta zame daga ƙusa. Da ta sunkuya za ta ɗaga shi, sai hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a cikin kalmasar sama. Ta juya ƙyallen. A tsakiyar wani zanen fure akwai 'yar huda, cikin hudar kuma wani ɗan gilashi yana kallon ta kamar idon kifi.

"Na shiga uku! Kamara! Wallahi kamara ce!"

Kekunan ɗinki huɗu suka tsaya lokaci guda. Mai Almakashi, wanda shi ne mai yanka, kuma shi kaɗai ne namiji a shagon, ya taho da gudu zai farke kalmasar.

"Kul!" in ji Gwaggo. "Kada ka taɓa ɗinkin nan. Tsaga ta baya."

Ya tsaga ta baya. Abin da ya faɗo a tafin hannunsa bai fi kwalin ashana ba, baƙi, da ɗumi kaɗan.

Kafin a ce me, layin ya cika. Masu shaguna, masu wucewa, matan da suka taɓa cire ko ɗankwali a ɗakin nan, kowa yana son ya leƙa. Wanda ya fi kowa murya shi ne Mai Kujera, mai rumfa a tsallaken titi, inda yake ɗinka wa kujerun gida da na mota sabuwar riga.

"To ga shi nan!" yana faɗa yana tafa hannu. "Mai neman a yi wa jama'a doka, ashe a shagonta ake aikin! A fara kama na gida mana!"

Mai shagon tana tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo a wuyanta. 'Yar wan Gwaggo ce, kowa kuma Shugaba yake ce mata, don ita ke jagorantar ƙungiyar mata masu ɗinki. Wata shida ke nan tana yawon ofisoshi a kan ƙudurin dokar da za ta hukunta duk wanda ya ɗauki hoton tsiraicin mutum a ɓoye. Gobe Talata za ta tsaya gaban kwamitin majalisa ta yi magana da yawun matan. Honarabul kuwa shi ne jagoran masu adawa da ƙudurin a kwamitin. Cewa yake babu wannan matsalar a gari, an ƙirƙiro ta ne don a samu hanyar ƙwace wa mutane wayoyi. Matarsa ba ta fasa kawo ɗinki ba duk da haka. In an tambaye ta sai ta ce, "Siyasa tasa ce, kafaɗa tawa ce. Ba mai fitar min da ita kamar matar nan."

Yau kam ko kallon Shugaba ba ta yi ba. "Ranar Asabar da yamma na cire kaya a ɗakin nan," ta ce. Ta shige mota.

* * *

Wani ɗan sanda ya zo ya sa kamarar a ambulan ya manne. Shugaba ta sa shi ya yi alkawarin babu namijin da zai buɗe abin da ke ciki. Labulen kuwa ya bar shi a ƙasa, don a ganinsa tsumma ne.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi waya ta yi ƙara. Shugaba ta saurara, ta ce to, ta ajiye.

"Sakataren kwamiti ne, Gwaggo. Honarabul ya sa an cire sunana. Wai ba za su saurari wadda ake ɗaukar mata a shagonta ba. Ƙarfe biyar za su rufe jerin sunaye." Ta zauna a kan dilar yadi. "Wata shida. Na zama abin nuni da baki."

"Ƙarfe biyar," in ji Gwaggo. "Ai da sauran rana."

Mahaifin Gwaggo mai bin sawu ne. In aka sace saniya shi ake kira. Ɗansa namiji bai damu da aikin ba, sai ita ke bin sa da gorar ruwa, tana kallon yadda yake tsugunawa ya karanta ƙasa. Da ta girma ta zo gari babu shanu, sai ta mayar da idon kan ɗinki. Ko riga ta shekara biyar aka dawo da ita, takan faɗi wadda ta ɗinka, a wane keke, har ma ta ce ranar a cikin fushi take. Matan shagon suna tsoron idonta fiye da faɗan Shugaba.

Ta fara duba daɓen ɗakin gwajin, ta yi tsaki. Ƙafa talatin ta taka wurin. Bencin da ke ciki kuma katako ne tsirara, ba katifarsa. Ta ɗauko labulen ta shimfiɗa a teburin yanka, ta gyara tabarau.

Ita da kanta ta kalmashe labulen nan, ta wanke shi ranar Alhamis ta rataye. Ga ɗinkinta nan yana tafiya daidai wa daida, sai ya yanke. Taƙi ɗaya cur na wani hannu ne daban, sannan nata ya ci gaba. Mai hannun nan gwani ne. Zaren ba ya fitowa fili, yana shiga nan ya ɓulla can ta ƙarƙashi, kamar an ɗinka daga waje ba tare da an juya ƙyallen ba. Kuma zaren roba ne, shuɗi, ya ɗan fi labulen haske.

Ta bi shi da farce har ƙarshe tana neman ƙulli, don a ƙulli ake sanin tela. Ba ta samu ba. Abin da ta samu wani ɗan baƙin ɗigo ne mai tauri, a baje, kamar kan ƙusa. Ta kai hanci. Ƙauri.

Kunnuwanta suka ɗau zafi, irin zafin da rabonta da shi tun tana yarinya a bayan mahaifinta. Ta ji kamar ta yi guɗa.

"Gwaggo, murmushi kike yi? Ana wannan bala'in?"

"Ke 'yar nan, tashi ki wanke fuska. Ɓarawonki ya bar mini takalminsa."

"Wane takalmi?"

Gwaggo ta naɗe labulen ta cusa a jakarta. Ba ta nuna wa kowa ɗigon ba.

* * *

Matan shagon sun riga sun yanke hukunci. Babu mai zama kusa da Mai Almakashi. Ai shi kaɗai aka bari ranar Asabar da rana, lokacin da duk suka tafi taron ƙungiya. Kuma kowa ya san ba ya son dokar, kullum sai sun yi musu da Shugaba a kanta.

Gwaggo ta same shi a bayan shago, yana wasa almakashin da ba ya bukatar wasawa.

"Ɗana, ranar Asabar."

"Gwaggo, ke ma?" Idonsa ya yi ja. "Shekara tara ina shagon nan. Ko awon mace ban taɓa ɗauka ba, takarda ake miƙo mini."

"Amma dokar ba ka son ta."

"Sashe na huɗu ne ba na so, kuma ko gobe ba na so! An ce ɗan sanda zai iya karɓe wayarka in ya yi zargi kawai. Zargi fa! Yau mai ɗaukar mata, gobe wanda ya ɗauki ɗan sanda yana dukan mutum a titi. Don na faɗi haka sai na zama ɗan iska?"

"Ban ce ba. Matso nan." Ta kama gaban rigarsa ta duba. Maɓalli na uku da fil aka kama shi. "Wata nawa maɓallin nan yana haka?"

"Uku... ko huɗu."

"Kana zaune cikin allura dubu. Kai ko buhu aka ba ka ka ɗinke sai hatsin ya zube. Ba kai ba ne, ka daina yi mini idon maraya. Amma ƙarya kake ɓoyewa, ina ganin ta tana motsi a maƙogwaronka."

Ya sunkuyar da kai. "Na fita."

"Ina?"

"Wurin mai jarida. Ana musu a kan dokar, na jiyo wani yana faɗin abin da ba haka ba, na ce bari in je in gyara masa. Minti biyar na yi niyya."

"Ka yi nawa?"

"Sai da na gama da su duka."

"Wato awa guda. Ka bar shago a buɗe don ka ci musu."

"Na ce wa Baba mai takalma ya sa ido."

Gwaggo ta tsaya cik. Mai takalma. Sau nawa ta ga tsohon nan ya gama ɗinke takalmi, ya ƙyasta wuta ya ƙona bakin zaren? Tela ƙulli yake yi ya datse, ko ya ciza da haƙori. Ba telan da zai kai wuta kusa da yadin mutane. Ta gyara mayafi, ƙafarta har tana harɗewa don sauri.

* * *

Baba mai takalma yana zaune a inuwar bangon shagon, inda ya shekara yana zama, akwatinsa a tsakanin gwiwoyi.

"Sannu da aiki, tsohon banza."

"Yauwa, amaryata. Yau an tuna da ni? Ko takalmin ne ya gaji da ɗaukar ki?"

"Hannun jakata ne ya saki. Kama mini."

Ta tsuguna tana kallo. Ya ɗauko basilla ya huda fatar, ya ja zare ya goga masa kaki, ya ɗinke, ya ƙyasta ashana ya ƙona bakin. Zaren ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ya bar shi haka.

Gwaggo ta karɓi jakar ta duba, sai ta ji murnarta ta sace. Zarensa baƙi ne mai kauri, yana danƙo. Basillarsa tana barin huda da za a iya zira tsinke. A labulen babu huda ko ɗaya, babu kaki, kuma ɗigon can a baje yake, an danne shi tun yana da zafi. Ga hannun tsohon ma yana rawa. Wannan ba zai hau benci ya yi ɗinki a saman kansa ba.

"Me kike nema a jakar, ko na sace miki wani abu?"

"Kai na zo kamawa, ka kuɓuce."

Ya yi dariya har da tari. "Ni? In ga me? Idon da ko zaren allura sai an zira mini?"

"To wa ya shiga shago ranar Asabar, da wancan sarkin musun ya fita?"

"Ba baƙo ko ɗaya. Na gida ne kawai."

"Na gida kamar wa?"

"Mai kawo ruwa ya ajiye jarka a bakin ƙofa ya wuce. Sai mutumin tsallake, ya ce tun watan jiya Shugaba take yi masa ƙorafin katifar benci ta lotsa, bari ya ɗauka ya canja soso. Ya shiga ya fito da ita a kai."

"Ya daɗe?"

"Ni ina da agogo ne?" Ya ɗan yi tunani. "Tsaya. Da zai shiga na shafa wa wani takalmi gam. Da ya fito har gam ɗin ya sha iska na manne, ina bugawa da guduma."

"Gam ɗinka minti nawa yake shan iska?"

"In ba ka ba shi kwata ba, ya ba ka kunya."

Minti sha biyar don a ɗauki katifar da ko ƙusa ba ta riƙe ta. Gwaggo ta kalli tsallaken titi. A gaban rumfar Mai Kujera an jera kujerun wata doguwar mota, an cire su ana yi musu sabuwar riga. Motar yawon siyasar Honarabul ce, ga hotonsa manne a jikinta yana murmushi. Rigar kujerun shuɗiya ce.

Kunnuwanta suka sake ɗaukar zafi.

"Tsoho, ƙarfe huɗu ka shigo ciki. Ka sa hularka mai kyau."

"Ɗaurin auren namu ne?"

"Ka zo dai ka gani."

* * *

Zargi ba hujja ba ne, Gwaggo ta sani. In ta tsallaka ta ce kai ne, zai rantse, ya watsar da zaren a kwata. Dole hannunsa ne zai faɗa da kansa, a gaban mutumin da ya cire sunan.

Ta sa Shugaba ta kira matar Honarabul. Sau uku ana kashe wayar. A na huɗu da aka ɗauka, Gwaggo ta karɓi wayar.

"Hajiya, tsohuwar da ke yi miki kalmasa ce. In kina son ganin wanda ya sa abin nan, ki zo ƙarfe huɗu. Amma ki zo da mai gidan. In babu shi ba na nunawa."

Matar Honarabul ta ce, "Ko a ɗaure ne zan kawo shi."

Aka sanar da ɗan sandan. Sannan Gwaggo ta ɗauki reza, ta nufi kujerar baƙi, babbar nan mai laushi da Shugaba ke ji da ita, ta farke ɗinkin gefenta taƙi guda.

"Gwaggo! Kujerata!"

"Yi shiru. Sunanki ko kujera?"

Ta tsallaka titi tana ɗingishin da ba ta da shi. Mai Kujera yana yanka soso yana bin waƙar rediyo.

"Ɗana, ka rufa mana asiri. Honarabul da kansa zai zo ƙarfe huɗu, ga kujerar baƙi ta yage. Ka san halin da muke ciki, kada ya zo ya zauna a kan soso."

Idonsa ya yi haske. "Oga zai zo? Zuwa zai yi ya rufe shagon?"

"Wa ya sani, ɗana. Mu dai sai addu'a."

"Ai ba zan bari oga ya zauna a yage ba. Ina zuwa da kayan aiki."

* * *

Huɗu da minti goma kowa ya hallara. An rufe ƙofa, amma fuskoki sun cika tagogi. Honarabul ya ƙi zama, yana tsaye yana duba agogo, matarsa a gefensa ta haɗe rai. Ɗan sanda ya jingina da teburin yanka. Mai Almakashi da Baba mai takalma suna kan benci ɗaya kamar masu jiran allura a asibiti. Mai Kujera kuwa yana durƙushe gaban kujerar baƙi, yana ɗinki da wata lanƙwasasshiyar allura, yana satar kallon ogansa.

"Gwaggo, ina da zaman majalisa," in ji Honarabul. "An ce kina da magana."

"Ranka ya daɗe, ba zan ɓata maka lokaci ba. Ka ga wannan?" Ta nuna Mai Almakashi. "Ɗan bayanka ne a kan dokar nan, har ya fi ka zafi. Shi aka bari a shago, shi kowa ke zargi."

"Don mutum yana da ra'ayi..."

"Haka na ce ni ma. Laifinsa ɗaya, surutu. Wannan tsohon kuma shi aka bar wa gadi. Na so ƙwarai a ce shi ne, don ya daɗe yana damuna, amma Allah bai ba ni ba."

Aka yi 'yar dariya a taga. Gwaggo ba ta kallon kowa cikinsu. Gefen idonta yana kan kujera. Allurar tana shiga nan ta ɓulla can ta ƙarƙashi, bakin yagewar yana haɗuwa kamar ba a taɓa farke shi ba. Saura ɗan yatsa biyu. Ta ci gaba da jan magana, ta ba da labarin wankin labule ranar Alhamis, da irin sabulun da ta sa, har Honarabul ya fara kaɗa makullin mota. Saura ɗan yatsa ɗaya.

Mai Kujera ya ja zaren ya datse, ya bar ɗan guntu. Ko kallon hannunsa bai yi ba. Ya laluba aljihu ya ciro laita, ya ƙyasta, zaren ya narke, ya danne shi da babban yatsa.

"Tsaya nan!" Muryar Gwaggo ta cika shagon. "Kada ka motsa. Ofisa, Hajiya, ranka ya daɗe, ku matso ku gani."

Ta zaro labulen ta shimfiɗa kalmasarsa a kan hannun kujerar, ɗinki kusa da ɗinki. Zare ɗaya, shuɗin roba. Tafiya ɗaya, a ɓoye ta ƙarƙashi. A ƙarshen kowanne, baƙin ɗigo a baje.

"Tela ƙulli yake yi," in ji ta. "Mai takalma yana ƙonawa, amma ba ya dannewa, ga jakata ku duba. Mai kujera ne ke dannewa, don kada tsinin ya soki wanda zai zauna. Shi ne kuma ke da allurar da ke ɗinke abu daga waje, don ba a juya kujera. Labulen nan yana rataye aka ɗinke shi. Ka kyauta aiki, ɗana. Hannunka ne ya ƙi yi maka ƙarya."

"Masu kujera nawa ne a garin nan!" Mai Kujera ya miƙe, laitar ta faɗi.

"Da yawa," in ji Baba mai takalma, yana gyara hula. "Amma ɗaya ne ya shiga nan ranar Asabar, ya yi shan iskar gam guda bai fito ba."

"Zaren kuma na kujerun motarka ne, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Ga ta can, a aika a gwada."

Mai Kujera ya dubi ƙofa, ya ga ɗan sanda ya riga shi. Sai ya zube gaban Honarabul.

"Oga, don kai na yi! Ranar da ka kawo mota ka ce matar nan ta hana ka barci. Na ce bari in sa abin a shagonta, a gani, bakinta ya mutu. Wallahi don a gani kawai na sa!"

"Ni na aike ka?" Honarabul ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. "Ni na ce ka yi?"

"Don a gani?" in ji Shugaba. Karo na farko ke nan da ta yi magana tun da aka taru. "Wanda yake so a gani ba ya ɓoye ɗinki haka. Da sandar ba ta zame ba, har yau tana nan. Kuma da ɗuminta aka ciro ta, tana aiki. Mata bakwai suka shiga ɗakin nan ranar Asabar da yamma. Katifar da ka ɗauka, ita ce hanyarka ta dawowa ka kwashe, ko ba haka ba?"

Mai Kujera ya sunkuyar da kai. Bai kuma iya ɗaga ido ya dubi matar ogansa ba.

"Ofisa, kama shi!" Honarabul ya daka tsawa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Matata! A rufe shi, kada ya sake ganin rana!"

"Zan tafi da shi, Yallaɓai," in ji ɗan sandan, yana sosa ƙeya. "Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da zan iya rubutawa shi ne ya shiga shago ba da izini ba. Shi ma zai ce katifa aka ce ya ɗauka. Bai saci komai ba, bai taɓa kowa ba, hoton kuma bai kai ga yaɗawa ba. Da wuya ya wuce jibi a wurinmu."

"Jibi? To ɗaukar hoton fa?"

"Ita ce ba mu da sashenta tukuna, Yallaɓai."

Wata a taga ta ce "Ayyo!" a hankali, wata ta kwaɓe ta.

Matar Honarabul ta zare wayar daga aljihun rigar mijinta ta ɗora masa a hannu.

"Biyar saura kwata. Kira sakataren."

"Hajiya, ki fahimta. Ni fa har gobe ina kan bakana, sashe na huɗu..."

"Yana da gaskiya a nan!" in ji Mai Almakashi, ya miƙe zumbur. "Sashe na huɗu dai..."

"Kai zauna!" matan shagon suka haɗa baki. Ya zauna.

"Ka je gobe ka yi ta faɗa da sashe na huɗu har ka gaji," in ji matar. "Ba wanda ya hana ka. Amma ka daina cewa babu matsalar, kuma matar nan za ta yi magana. Kira."

Ya kira. Ya juya baya kaɗan, amma kowa yana ji. "Eh, ni ne. Sunan shugabar masu ɗinkin nan... a mayar. Eh, na san ni na ce. Yanzu kuma na ce a mayar."

Shugaba ta kama hannun Gwaggo ta matse har sai da tsohuwar ta ce wash. A taga an fara tafi.

"Kada ka kashe," in ji matar Honarabul. "Ka ce a ƙara mutum ɗaya a bayanta."

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Wa kuma?"

"Ɗaya daga cikin bakwai ɗin."

Ya dube ta, ta dube shi. Muryar sakataren tana fitowa siririya daga wayar, yana cewa Yallaɓai, ina ji, saura minti goma, wa zan rubuta? Honarabul ya share goshi da hannun riga, ya mayar da wayar kunne.

"Rubuta," ya ce. "Matata."